Ziyarar Ginin Majalisar Jihar Texas: Tambayoyi da Amsoshi

Wane gini ne wannan, kuma me ake yi a cikinsa?

Kowace jiha a Amurka tana da ginin da majalisar dokokinta ke zama, wanda galibi ake kira Kapitol. Na Texas yana tsakiyar birnin Austin, a kan wani ɗan tudu inda titin Congress ya ƙare. A nan wakilai 150 da sanatoci 31 suke taruwa, gwamna ma yana da ofis a ciki. Sai dai majalisar ba kowace shekara take zama ba. Sau ɗaya ne cikin shekara biyu, kamar 2023 da 2025, daga watan Janairu, kuma zaman ba ya wuce kwana 140 sai in gwamna ya kira na musamman.

Yaushe aka gina shi, da kuɗin wa?

Gobara ta cinye tsohon ginin a 1881. Aka fara wannan a 1882 bisa zanen Elijah Myers, aka buɗe shi a 1888. Jihar ba ta da kuɗi a lokacin, ƙasa ce take da ita har ta yi mata yawa. Don haka ta biya 'yan kwangilar, wasu attajiran Chicago, da fili eka miliyan 3 a can arewacin jihar, inda suka kafa gandun kiwon shanu na XIT. Jan dutsen da ya ba ginin launinsa daga wajen garin Marble Falls aka fasa shi aka kawo ta jirgin ƙasa.

Akwai abin da bangon ba zai gaya maka ba. Fursunoni aka sa aikin fasa dutsen, da yawansu baƙaƙen fata, shekara ashirin kacal bayan hana bauta. Ƙungiyar masu sassaƙar dutse ta ƙaurace wa aikin saboda haka, sai 'yan kwangila suka ɗauko masassaƙa daga Scotland. Duk wanda ya shafa dutsen nan ya yaba santsinsa, ya kamata ya san hannun wa ya bi ta kansa.

Ana biyan kuɗin shiga?

A'a. Za a duba jakarka a ƙofa, ka wuce ta na'urar bincike, shi ke nan. Akwai masu zagayawa da baƙi kyauta. Zafin Austin tsakanin Yuni da Agusta ba wasa ba ne, don haka a fara da harabar waje da sassafe.

Me ya fi cancanta a gani a ciki?

Ka tsaya a ƙarƙashin kubbar ka ɗaga kai. Tauraron da ke can ƙololuwa kamar za ka rufe shi da tafin hannu, alhali faɗinsa ƙafa 8 ne. Sannan ka dubi ƙasa: an zana tambarin gwamnatoci shida da suka taɓa mulkin Texas, wato Sifaniya, Faransa, Meziko, Jamhuriyar Texas mai cin gashin kanta daga 1836 zuwa 1845, gwamnatin 'yan awaren Kudu (jihohin kudancin Amurka da suka ɓalle a lokacin yaƙin basasa), da Amurka. Hotunan tsofaffin gwamnoni sun zagaye bango hawa-hawa. Kusa da ƙofar kudu akwai mutum-mutumin Sam Houston da na Stephen Austin, jagororin kafa Texas, na farin marmara, aikin Elisabet Ney, 'yar asalin Jamus. Ginin ya ɗara ƙafa 300 tsawo, ya fi na tarayya da ke Washington, kuma mutanen Texas ba sa gajiya da faɗin haka.

Su wa ake tunawa da su a harabar?

Nan ne ya kamata mai ziyara ya ɓata lokacinsa. Harabar eka 22 ce, kuma shawarata ita ce ka karanta shekarar da aka kafa kowane abin tunawa kafin ka karanta rubutun da ke jikinsa. Na waɗanda suka mutu a yaƙin Alamo, wani yaƙi na neman 'yancin Texas daga Meziko, an kafa shi a 1891. Na sojojin 'yan awaren Kudu, mai ɗauke da shugabansu Jefferson Davis a sama, a 1903, daidai zamanin da ake ƙirƙiro dokokin hana baƙaƙen fata jefa ƙuri'a. Na 'yan Texas masu asalin Sifaniya da Meziko, waɗanda kakanninsu suka riga masu jin Ingilishi zama a ƙasar, sai 2012. Na baƙaƙen fata kuwa, aikin Ed Dwight, sai 2016, fiye da shekara 150 bayan ranar 19 ga Yuni 1865 da Janar Gordon Granger ya ba da sanarwar 'yantar da bayi a Galveston. Jeren shekarun nan kaɗai ya isa ya nuna wa ke da faɗa a ji a kowane zamani.

Na ji akwai dutsen da aka kai ƙara kotu a kansa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Wani allon dutse ne mai ɗauke da Dokoki Goma da aka bai wa Annabi Musa (AS), kamar yadda suka zo a Attaura, wanda wata ƙungiya ta ba jihar kyauta a 1961. Wani lauya ya ce ajiye shi a filin gwamnati ya saɓa wa tsarin mulkin da ya hana hukuma fifita addini. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa dutsen ya ci gaba da zama.

To, an taɓa cire wani abu?

An cire ɗaya a 2019: wani allon ƙarfe da aka maƙala a cikin ginin tun 1959, wanda ke cewa ba bauta ce tushen yaƙin basasa ba. Wannan ƙarya ce, kuma takardar ɓallewar Texas ta 1861 da kanta ta ƙaryata shi, domin a fili ta ambaci kare bauta cikin dalilan ficewa daga tarayya. Shekara sittin yara 'yan makaranta suna wucewa ta gabansa. Mutum-mutumin Jefferson Davis kuwa yana nan a harabar kudu, rubutun jikinsa na cewa sojojin sun mutu ne don 'yancin jihohi, kuma tafiyar minti biyu ce tsakaninsa da inda Ed Dwight ya sassaƙa bayin da aka 'yanta.