Waiwaye: yadda tausar jijiyar wuya ta zama gwajin suma

A nan Maradi, idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, kafin a yayyafa masa ruwa an riga an yanke hukunci. Wani ya ce zafin rana, wani ya ce tansiyo, wata tsohuwa ta ce iska ce. Na taɓa ganin wani Alhaji zaune gaban wanzami, an ɗaga haɓarsa ana gyaran gemu, wanzamin ya dafe gefen wuyansa da babban yatsa, sai kawai ya sulale daga kan benci. Kafin minti guda ya farfaɗo yana tambayar hularsa. Babu wanda ya kawo zancen wuyan.

A gefen wuya, inda babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta rabu biyu, akwai wani ɗan kumburi mai auna ƙarfin jini. Idan aka matsa shi, jiki yana ɗauka jini ya hau, sai ya rage bugun zuciya, jijiyoyi su saki. A wasu tsofaffi wurin yana da saurin firgita: ɗaurin rawani mai tsauri ko waiwaye da gaggawa ya isa ya kayar da su.

Sanin nan tsoho ne. Sunan jijiyar ma, karotid, daga kalmar Girkanci ya fito mai nufin barci mai nauyi. A 1799 likita Caleb Parry na garin Bath a Ingila ya lura cewa danna wuya yana rage bugun zuciya. A 1866 Johann Czermak ya gwada a wuyan kansa, ya ga haka ne, amma ya ɗora abin a kan wata jijiya daban. Kuskuren ya zauna fiye da shekara 50, har Heinrich Hering a Jamus ya nuna a shekarun 1920 cewa kumburin nan ne tushe. Sai 1933, a Boston, Soma Weiss da James Baker suka bayyana majinyatan da sumarsu daga wannan kumburin take tasowa.

Daga baya ne aka mai da tausar wannan wurin gwaji, aka yi masa ƙa'ida. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai, a ƙa'idojinta na 2018, ta ce a yi shi ga wanda ya haura shekara 40 idan an rasa dalilin sumarsa. Ana tausar gefe ɗaya na sakan 10, dama sannan hagu, a kwance da kuma a tsaye. Abin da ake nema shi ne zuciya ta tsaya fiye da sakan 3, ko jini ya sauka da fiye da maki 50, kuma majinyaci ya ji irin abin da yakan ji kafin ya faɗi. Idan tsayawar zuciya ce matsalar, akan dasa masa batirin zuciya, wata 'yar na'ura mai daidaita bugunta.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, yatsa biyu kawai ake gani. Amma dole na'urar rubuta bugun zuciya ta kasance a jikin mutum, ana auna jininsa, likita yana tsaye da kayan ceto. Ba a yi wa wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki cikin wata uku da suka wuce, ko wanda jijiyarsa ta toshe sosai, don daskararren kitse na iya ɓallewa ya tafi ƙwaƙwalwa. Ƙananan asibitocin karkara yawanci ba su da wannan kayan, shi ya sa ake tura mutum babban asibiti a cikin gari, wani lokaci har Yamai, masu hali kuma su tsallaka Katsina ko Kano.