Ma'anar kuromosom da homon, da batun "ɗiya mata ɗai"

A wani suna a Kaura Namoda, ana cikin rabon goro, na ji wata gwaggo tana raɗa wa ƙawarta: "Wagga yarinya ɗiya mata ɗai taka haihuwa, ga ta biyar ke nan." Matar ɗanta take nufi. Ban tanka ba, amma kalmar kuromosom ce ta yi ta yawo a bakina.

Kuromosom wasu siraran zarurruka ne da ke dunƙule a cikin ƙwayoyin halittar jiki, su ke ɗauke da gadon kamanni. Mutum yana da 46, a jere biyu-biyu, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyun ƙarshe su ne na jinsi: XX ga mace, XY ga namiji. To ƙwan mace X kawai yake bayarwa, don ba ta da wani. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, wani da X, wani da Y, kuma wanda ya riga shiga ƙwan shi ya yanke magana. Ke nan in gwaggo na neman wanda za ta tuhuma, ɗanta ya fi kusa, ko da yake shi ma ba zaɓa yake yi ba. Wata Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta gano wannan tun 1905, a jikin wani ƙwaro.

Sai dai Y ba ya gama aikin shi kaɗai. Har wajen mako shida da shigar ciki, tayin mace da na namiji ba su da bambanci. Daga nan wani ɗan yanki a jikin Y, mai suna SRY, wanda sai a 1990 aka tantance shi, ke ba da umarnin a gina 'ya'yan maraina. Su kuma su fara fitar da homon, wato sinadarin da ke bin jini yana kai saƙo ga gaɓoɓi. Testosteron na gina al'aurar namiji, wani homon kuma ya narkar da bututun da zai zama mahaifa. In babu wannan saƙo, jiki ya bi hanyar mace. A balaga homon ɗin ne dai ke dawowa da gemu, buɗewar murya, nono da al'ada.

Wani lokaci saƙon ba ya isa. Akwai mai XY da jikinta ba ya jin testosteron, sai a haife ta mace, ta girma mace, ba a gane komai ba sai al'ada ta ƙi zuwa. Akwai kuma jaririya mai XX da wani ɗan nama a saman ƙodarta ke fitar da homon ɗin maza da yawa, har unguwarzoma ta rasa abin da za ta ce wa dangi. Irin waɗannan ne muke kira mata-maza, malaman fiƙihu kuma su ce khunsa, har sun yi musu babi a rabon gado.

Wannan na biyun ba abin ɓoyewa a ɗaki ba ne. Wani nau'insa yana zubar da gishirin jikin jariri a makonnin farko, ya yi ta amai, ya ƙi kama nono, har ya rasu in ba a kai shi asibiti ba. Gwajin jini ke nuna shi, kuma akwai maganin da ake sha.