Hajjin 2022: fashin baƙin sharuɗɗan da Saudiyya ta gindaya

Da sanarwar Saudiyya kan Hajji ta fito ranar 9 ga Afrilu 2022 mutane suka yi ta tura wa juna a WhatsApp ana cewa an buɗe Hajji an buɗe Hajji, to eh an buɗe kam, amma ba irin buɗewar da muka saba ba. Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya cewa ta yi mutum miliyan ɗaya za su yi aikin Hajjin shekarar, na cikin ƙasar da na waje duka a haɗe, alhali a 2019 kusan miliyan biyu da rabi suka tsaya Arfa. Najeriya da ta saba samun kujera 95,000, a shekarar kujera 43,008 aka ba ta, su ne NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa, ta raba tsakanin jihohi da 'yan jirgin yawo, sai ka lissafa abin da ya iso Bauchi da Gombe, ga maniyyatan da kuɗinsu ke ajiye tun 2020 suna jira.

Sharuɗɗan da aka gindaya wa Hajjin na 2022 uku ne. Shekarunka su kasance ƙasa da 65, ka kammala allurar rigakafin korona wadda ma'aikatar lafiyar Saudiyya ta yarda da ita, sannan ka zo da takardar gwajin korona na PCR da ta nuna ba ka ɗauke da cutar, wanda aka yi cikin awa 72 kafin tashin jirgi.

Maganar allura ba ta da wani dogon bayani, Pfizer da Moderna da AstraZeneca da Johnson & Johnson duk sun karɓa, kuma su ne dai ake yi a lokacin a asibitocin sha-ka-tafi namu kyauta. Abin lura kawai, idan mai zuwa biyu aka yi maka to sai ka cika ta biyun, kuma koren katin nan akwai lamba a jikinsa da ake haskawa da waya bayananka su fito. Wanda ya sayi kati a bayan fage ba a shigar da sunansa a kwamfuta ba, takarda kawai ya saya. Kuma wannan bai soke allurar sanƙarau da ta shawara da aka saba yi wa alhazai ba, suna nan.

Wajen gwajin ne aka yi ta rikicewa a lokacin. Wani zai ce maka ai tun 5 ga Maris 2022 Saudiyya ta cire gwaji da killacewa ga masu shigowa, ta cire tazara a sahun Harami, har ta ɗage takunkumin jiragen Najeriya da ta sa a Disambar 2021 lokacin nau'in korona na Omicron. Gaskiya ne duk an yi, amma waccan dokar shiga ƙasa ce gaba ɗaya, na Hajjin shekarar sharaɗinsa daban, domin taron Mina da Muzdalifa ba irin na Umara ba ne da kowa ke zuwa lokacin da ya ga dama. Kuma awa 72 ɗin nan ba abar rainawa ba ce a lokacin. Duk wanda ya taɓa raka alhaji sansani ya san yadda ake yi, a ce jirgi ƙarfe goma na dare, mutane su shimfiɗa tabarma su jingina da jakunkuna, gari ya waye shiru, a ce sai gobe. To a shekarar agogon gwajin yana ta tafiya kana zaune, in jirgi ya wuce kwana uku bai zo ba takardar ta mutu sai an sake tsikarar hanci. Shi ya sa a lokacin ba shawara ba ce mutum ya je ya yi gwajinsa shi kaɗai da wuri don zumuɗi, sai dai ya jira hukumar alhazan jiharsa ta faɗi rana.

Sai maganar shekaru, wadda ni a ganina ita ce mai ciwo. Dalilinsu a bayyane yake, korona ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini, ga Hajjin 2022 ya faɗo farkon Yuli tsakiyar zafin Makka. Amma a wajenmu wa ke zuwa Hajji in ba dattijo ba? Manomi ne a Dass ko Kumo da ya yi shekaru yana sayar da masara da shanu yana tarawa, ko tsohuwar da 'ya'ya suka haɗa mata kuɗi. Wanda ya biya a 2020 yana da 63, a 2022 ya kai 65, ba laifinsa ba, doka ta hana shi zuwa. Kuma abin da ke rubuce a fasfo shi aka duba, ba ƙarfin jiki ba, ko da Baba yana iya noma kadada shi kaɗai. Da yawa daga iyayenmu ma ranar haihuwar ƙiyasi aka yi musu lokacin yin fasfo. Masu raɗa wa mutane cewa za su rage musu shekaru, a yi hattara da su, an riga an ɗauki hoton yatsunka, kuma laifi ne a doka. Wanda abin ya shafa a lokacin sai dai ya je ofishin hukumar ya ji zaɓin da ake da shi, barin kuɗin zuwa shekara ta gaba ko karɓarsu, maganar wakilta wani ya yi masa Hajji kuwa ta malamai ce.

Ba a 2022 Saudiyya ta fara wannan buɗewa kaɗan-kaɗan ba. Ƙarshen Fabrairun 2020 ta rufe wa baƙi Umara, Hajjin shekarar 'yan tsiraru mazauna ƙasar suka yi, kowa ya ga hoton ɗawafi ana bin layi da tazara. A 4 ga Oktoba aka dawo da Umara da mutum 6,000 a rana, a 1 ga Nuwamba aka fara karɓar na waje, su ma 'yan shekara 18 zuwa 50 kawai kuma sai sun yi kwana uku a otal ba fita. A 2021 mutum 60,000 suka yi Hajji duk mazauna can, masu yawon buɗe ido kuma sai 1 ga Agusta aka bar wanda ya yi allura ya shiga. Manhajar Tawakkalna da Eatmarna a lokacin suka zama dole, ta farko tana nuna matsayin lafiyarka, ta biyu da ita ake neman izinin Umara da shiga Rauda, don haka a lokacin mai tafiya da ƙaramar waya sai ya nemi babba a koya masa, ko ya manne wa wani a tawagarsu da ya iya.