Matokarin bindiga mai ƙafa uku

Matokarin bindiga mai ƙafa uku abu ne da maharbi yake kafawa a ƙasa ya ɗora bindigarsa a kai domin ta tsaya cik lokacin da yake saiti. Akwai na gida, wanda ake haɗawa da sanduna uku da ɗaurin roba, akwai kuma na kamfani da ake yi da alminiyam ko zaren kabon. Amfaninsa ya fi fitowa a harbin nesa da bindigar rayiful, mai fitar da harsashi ɗaya, musamman inda tsawon ciyawa ya hana maharbi kwanciya rub da ciki. A ƙauyukan Kano da Jigawa ba kowane maharbi ne yake ɗauke da shi ba, amma dabarar jingina bindiga a gwafa, ko reshen bishiya, ko kan suri, tsohuwa ce a wurinsu.

Asali

A Turai, cikin ƙarni na 16 da na 17, bindigogin sojoji suna da nauyi ƙwarai, don haka soja kan riƙe sanda mai gwafa a kai, ya soke ta a ƙasa ya ɗora bindigar kafin ya harba. A Amurka, maharban ɓaunar ƙasar na shekarun 1870 sun yi suna da zama a ƙasa su gicciya sanduna biyu su ɗora bindigar Sharps. Dogayen sanduna uku na harbi a tsaye kuwa sun fi shahara a farautar gabashi da kudancin Afirka, inda mai bin sawu yake ɗauke da su, da an hango nama ya kafa wa maharbi. Na kamfani da ake sayarwa yau daga nan ya samo siffarsa, sai kuma abin da ya aro daga matokarin kyamara.

Dalilin da hannu kaɗai ba ya isa

Babu mutumin da hannunsa ba ya rawa. Zuciya tana bugawa, ƙirji yana hawa da sauka, damtse kuma yana gajiya da riƙon bindiga mai kilo 3 zuwa 4. Wanda ya sha tafiya cikin zafin Afrilu, ga ƙishirwa, ga zumuɗin ganin nama, rawar tasa ta fi haka. Abin da yake ɓata harbi shi ne yadda nisa yake ninka ƙaramin kuskure. Idan bututun bindiga yana da tsawon santimita 60, bakinta ya goce da milimita 1 kacal, to a nisan mita 100 harsashi zai kauce da kusan santimita 17. A jikin gada ko barewa wannan ya isa ya mai da harbin ƙirji ya koma harbin ciki, dabba ta tsere da rauni ta je ta mutu a cikin sarƙaƙiya.

Sanda ɗaya tana hana bindiga sauka da hawa, amma tana barinta ta yi lilo hagu da dama, gaba da baya. Sanduna biyu suna tsare gefe da gefe, sai dai maharbi ne zai riƙe su kada su faɗi gaba. Uku kuwa suna tsayawa da kansu, kamar yadda duwatsun murhu uku suke riƙe tukunya ko da ƙasar ba ta baje ba. Nauyin bindigar sai ya tashi daga kan tsokar mutum ya koma ƙasa, aikin maharbi ya rage saura daidaita gindin bindiga a kafaɗa da jan kunama.

Na gida da na kamfani

Na gida ba ya buƙatar kuɗi sosai. Ana samo sanduna uku miƙaƙƙu, busassu, masu tsawon da ya ɗan zarce kafaɗar mai su. Gora ta fi dacewa saboda rashin nauyi, amma turare ko darbejiya ma suna yi. Ana haɗa su a ɗaure da robar tif ɗin keke ko babur kamar taƙi ɗaya ƙasa da kawunansu, yadda idan aka ware ƙafafun, kawunan za su buɗe su zama gwafa. Roba ta fi igiya domin tana ba da damar buɗewa da rufewa ba tare da ɗaurin ya kwance ba, ba ta kuma yin ƙara. Wasu kan naɗe kawunan da tsumma ko fata don kada su kankare katakon bindiga. Da ware ƙafafun ake rage tsawo, da matso su ake ƙarawa.

Na kamfani yana da ƙafafu masu zugewa, da kai mai juyawa. Wani kan nasa gwafar roba ce kawai, wani yana da maƙalli da yake damƙe bindigar, wani kuma ana ɗaura shi kai tsaye a ƙasan bindiga da maɗaurin ƙarfe, irin wanda ake kira Arca-Swiss ko Picatinny. Mai damƙewar ya fi tsayuwa, har maharbi yana iya sakin bindigar ya duba da madubin hangen nesa. Aibinsa nauyi da tsada, ga shi yashi da ƙurar hunturu suna shiga gaɓoɓinsa su cije. A tazarar da yawancin maharbanmu suke harbi, bambancinsa da sandunan gora bai kai bambancin farashinsu ba.

Yadda ake amfani da shi

Babbar ƙa'ida ita ce katakon da ke ƙarƙashin bututu ake ɗorawa a gwafar, ba ƙarfen bututun ba. Bututu yana girgiza lokacin da harsashi yake bi ta cikinsa, kuma duk abin da ya tokare shi yana canza inda harsashin zai sauka, galibi ya tashi sama. Haka nan ɗora katako a kan abu mai tauri yana sa bindiga ta yi tsalle, shi ya sa ake sa tsumma, ko maharbi ya sa hannunsa tsakani.

A tsaye, gwafar tana zuwa ƙasa da kafaɗa kaɗan, yadda mutum ba zai yi ɗage ba, ba kuma zai duƙa ba. Da yawa kan miƙa ƙafar matokarin ɗaya wajen nama, biyu su koma gefe, maharbi ya samu wurin tsayawa a tsakaninsu da ƙafafunsa a ware. A zaune harbi ya fi kyau ƙwarai, domin gwiwar hannu tana samun mazauni a kan gwiwar ƙafa. Wanda ya samu bishiyar da zai jingina bayansa, ya ƙara samun natsuwa. Sannan a saki numfashi, a dakata, a matsa kunama a hankali. Fizgar kunama kuskure ne da babu matokarin da yake gyarawa.

Ƙasar wuri ma tana da nata hukuncin. A jigawa mai yashi ƙafafun suna nutsewa, don haka sai an danna su sun zauna kafin a ɗora bindiga. A fadama ƙafa ɗaya kan lume cikin taɓo ta bar sauran. A kan fako ko dutse, irin na kudancin Kano wajen Tudun Wada da Doguwa, santsi ne matsalar, sai a naɗa roba a ƙasan sandunan.

Inda bai dace ba

Farautar gayya, ta karnuka da kulake da ganga, ba ta da wurin matokari, domin nama a guje yake tashi. Haka mai harbin fakara ko zabon daji da suka tashi sama, da bindigar da take watsa ƙwayoyin dalma, wadda amfaninta ba ya wuce mita 40, bin tsuntsu yake da bakin bindiga. Adaka, wadda ake yi wa laƙabi da harbi-ka-ruga, cikin bututunta sumul yake, ba ya juya harsashi, saboda haka ko an tokare ta ba ta ƙara nisa. Matokari na mai kwanton ɓauna ne, wanda yake zama kusa da mashaya ko gefen gona yana jiran gada ko gadu.

Doka da kiyaye rai

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta wajabta lasisi kafin mallakar bindiga, adaka kuwa ta ba kwamishinan 'yan sandan jiha ikon wajabta mata lasisi, kuma dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta hana taɓa wasu nau'o'in. Dajin Falgore a Kano da dausayin Baturiya a Jigawa, inda tsuntsaye masu ƙaura suke sauka, wurare ne da aka keɓe, ba a farauta a cikinsu sai da izinin hukuma. Ko a dajin da aka halatta, makiyaya da masu itace da manoma suna ratsawa, kuma harsashin ƙaramar bindigar .22 kan yi tafiyar sama da kilomita 1.5 idan bai samu abin da ya tare shi ba. Saboda haka maharbi yakan kafa matokarinsa inda tudu ko gaɓar rafi take bayan nama, ba ya kuma barin bindiga da harsashi a ciki a kan gwafa idan zai matsa daga wurin.