Ranar da majalisar Faransa ta kori gwamnati, shugaba ya kori majalisa

A daren 4 ga Oktoba 1962, kafin gari ya waye, 'yan Majalisar Dokokin Faransa 280 cikin 480 suka kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna ga gwamnatin Firaminista Pompidu. Kowa ya san an bar jaki ne ana dukan taiki. Wanda suke fushi da shi Shugaba Janar De Gol ne, sai dai kundin tsarin mulkin 1958 bai ba majalisa ikon kayar da shugaban ƙasa da irin wannan ƙuri'a ba. Firaminista kawai hannunsu yake kaiwa.

Mafarin rigimar harbin bindiga ne. A ranar 22 ga Agusta 1962, wasu masu jin haushin 'yancin kan da aka ba Aljeriya suka buɗe wa motar De Gol wuta a Petit-Clamart, kusa da birnin Paris, ya tsallake rijiya da baya. A wancan lokacin talakawa ba sa zaɓen shugaban ƙasa. Wakilai ne kimanin 80,000, 'yan majalisa da magadan gari da kansiloli, suke yin zaɓen. De Gol ya ga cewa shi ana jin maganarsa saboda tarihinsa na yaƙin duniya na biyu, amma magajinsa ba zai samu wannan kwarjini ba sai in ƙuri'ar jama'a ce ta ɗora shi. Don haka ya ce a sauya doka, kowane ɗan ƙasa ya riƙa zaɓen shugaba da hannunsa.

'Yan siyasa sun tsorata, kuma suna da hujja. Mutumin da jama'a suka zaɓa kai tsaye a 1848, Luwi Napoliyon, ya rushe majalisa da ƙarfi a 1851, shekara ta zagayo ya naɗa kansa sarki. Amma abin da ya fi harzuƙa su shi ne ƙofar da De Gol ya bi.

Tsarin mulkin yana da ƙofar gyara guda ɗaya da aka ambata ƙarara, wato sashe na 89. Ya ce sai Majalisar Dokoki da ta Dattawa sun amince da gyaran, kalma da kalma iri ɗaya, sannan a kai shi ƙuri'ar raba gardama, ko kuma a haɗa majalisun biyu wuri guda a samu kashi 3 cikin 5. De Gol ya san dattawa ba za su yarda ba. Sai ya ɗauko sashe na 11, wanda ya ba shugaba damar miƙa wa jama'a daftarin doka a kan tsarin hukumomin ƙasa ba tare da majalisa ta kaɗa ƙuri'a a kansa ba. Ya ce yadda ake zaɓen shugaba ai tsarin hukuma ne. Galibin masana shari'a suka ce a'a, sashe na 11 na dokokin yau da kullum ne, in da ana iya gyara tsarin mulki da shi, me ya kawo sashe na 89? Majalisar ƙoli mai ba gwamnati shawara kan dokoki ma ta ce hanyar ba daidai ba ce. Shugaban Majalisar Dattawa, Gaston Monnerville, baƙar fata haifaffen birnin Cayenne a nahiyar Kudancin Amurka, ya kira abin cin amanar muƙami. A ganina su ne da gaskiya a kan rubutacciyar doka.

Daga nan sai kowa ya zaro makamin da doka ta ba shi. Na majalisa yana sashe na 49: kashi 1 cikin 10 na 'yan majalisa su sa hannu a ƙudurin yanke ƙauna, a jira awa 48, sannan a yi ƙuri'a. Masu goyon bayan ƙudurin kaɗai ake ƙirgawa, kuma sai sun haura rabin dukkan 'yan majalisa, saboda haka wanda ya ƙaurace tamkar ya taimaki gwamnati ne. An yi shi da wuya da gangan. A wannan dare 241 ake buƙata, aka samu 280. Sashe na 50 ya wajabta wa firaminista miƙa takardar murabus, Pompidu ya miƙa.

Na shugaba yana sashe na 12, kuma ya fi kaifi. Shugaba yana iya rushe Majalisar Dokoki bayan ya tuntuɓi firaminista da shugabannin majalisun biyu. Tuntuɓa ce kawai, ko duk sun ƙi zai iya yi. Sharuɗɗan kaɗan ne: a yi sabon zaɓe tsakanin kwana 20 zuwa 40, kada a sake rushewa cikin shekara guda bayan wannan zaɓe, kuma ba a yi yayin da shugaba ke riƙe da ikon ta-ɓaci na sashe na 16. Majalisar Dattawa ba ta rushuwa. De Gol ya bar Pompidu yana riƙon ƙwarya, ya rushe majalisa ranar 9 ga Oktoba.

Wannan makami ya daɗe a kube. A 1877 Shugaba Mac-Mahon ya rushe majalisa, jama'a suka dawo masa da 'yan adawa da rinjaye, daga baya ya sauka a 1879. Tun daga lokacin ba a sake rushe majalisa ba sai 1955. Caca ce, mai yinta yana iya tashi a tutar babu.

De Gol ya ci duka biyun. A ƙuri'ar raba gardamar 28 ga Oktoba, kusan kashi 62 cikin 100 suka amince. A zaɓen 'yan majalisa na 18 da 25 ga Nuwamba, jam'iyyarsa ta samu kujeru 233 cikin 482, da ta haɗa da ƙawayenta na ɓangaren ministan kuɗi Jiskar Destan sai rinjaye ya tabbata. Paul Reynaud, tsohon firaminista kuma jagoran masu ƙudurin, ya rasa kujerarsa. Pompidu ya koma ofis.

To ina aka kwana da batun halacci? Monnerville ya kai ƙara Majalisar Tsarin Mulki. Ranar 6 ga Nuwamba ta amsa cewa ba ta da hurumin duba dokar da jama'a suka zartar da kansu. Ba ta ce De Gol ya bi doka ba, ba ta ce ya karya ba. Mutanen Nijar, da tsarinsu ya yi kama da na Faransa, sun ga wani salon wannan a 2009, lokacin tazarce: Tandja ya rushe majalisa, kotun tsarin mulki ta ce ƙuri'ar raba gardamarsa ba ta halatta ba, ya rushe kotun ita ma, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010.

A 1965 Faransawa suka zaɓi shugaba kai tsaye, De Gol ya doke Mitterrand a zagaye na biyu. A 1969 ya sake bin ƙofar sashe na 11 don sauya fasalin Majalisar Dattawa da na yankuna, jama'a suka ƙi, ya ajiye mulki washegari. Ƙuri'ar yanke ƙauna kuwa ba ta sake kayar da gwamnati ba sai 4 ga Disamba 2024, da 'yan majalisa 331 suka kori Firaminista Michel Barnier. Wannan karon Shugaba Makron bai iya maimaita abin da De Gol ya yi ba, domin ya riga ya rushe majalisa a watan Yuni, shekarar da sashe na 12 ya gindaya ba ta cika ba.