Me ake nufi da "buɗe ƙofar ciniki"?

Idan masana tattalin arziki suka ce ƙasa kaza ta buɗe ƙofar ciniki, abu biyu ake nufi, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai manufar gwamnati: rage kuɗin fito da janye haramci a kan kayan waje. Akwai kuma lissafi: a haɗa darajar kayan da ƙasa ta fitar da na waɗanda ta shigo da su, a auna da jimillar abin da ta samar a shekara.

Lissafin yana da ruɗi. Na Singafo ya haura kashi 300 cikin 100, don mashigar jiragen ruwa ce, kaya su shigo su fice. Na Amurka wajen kashi 25 ne kawai, ba don ta rufe ƙofa ba, kasuwarta ta cikin gida ce ke da girma.

Masu cewa buɗe ƙofa na kawo arziki ba su da misalin da ya wuce ƙasar Sin. Gaskiyarsu ne, amma su riƙa faɗin yadda aka yi. Jagoran ƙasar, Deng Xiaoping, ya fara sauye-sauye a 1978, aka keɓe birnin Shenzhen a 1980 a matsayin wurin gwaji, sai 2001 ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Shekara ashirin da uku ke nan tana gina masana'antu, tana koyon sana'a a hannun baƙi, har ta samu abin kaiwa kasuwa.

Mu kuwa a leƙa Kakuri a Kaduna. Masaƙun da suka riƙe dubban ma'aikata sun zama kufai, Kantin Kwari na Kano kuma cike da atamfar Sin. Masaƙar da ke ƙona baƙin mai don babu wutar lantarki, ina za ta ja da wadda wuta ba ta ɗauke mata?

Rufewar ma mun gwada. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Masu casar shinkafa sun samu ciniki, 'yan kasuwar Maraɗi da Katsina sun ji jiki, buhun shinkafa ya yi tashin gwauron zabi, 'yar waje kuma ba ta daina shigowa ba, sai dai ta koma bin hanyar daji a bayan babur.