Wa ke bijire wa magani, jikin mutum ko ƙwayar cuta?

Duk watan Nuwamba, idan makon wayar da kai kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta na Hukumar Lafiya ta Duniya ya zagayo, sai ka ji "bijire wa magani" a bakin kowane mai gabatar da shiri. Madalla. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fassarar da ke biyo baya: wai jikin mutum ne ke sabawa da antibiyotik har maganin ya daina yi masa aiki. Jiki bai saba da komai ba. Ƙwayar bakteriya ce ta gagari maganin.

Da a ce sabon jiki ne, ai da wanda bai taɓa haɗiyar kafso ba ya tsira. Amma jaririn da aka haifa jiya yana iya kwasar ƙwayar da magani uku ko huɗu suka kasa.

Ga yadda abin yake. Cikin miliyoyin ƙwayoyi, akan samu 'yan tsiraru da magani ba ya kamawa. Magani ya share sauran, ya bar musu fili, su kuwa wasunsu kan rabu biyu duk bayan minti 20. Har miƙa wa juna dabarar suke yi ta wani ɗan guntun ƙwayar halitta, kamar ɗalibai masu satar amsa.

Dubi ƙwayar bakteriyar Staphylococcus aureus, wadda ke zaune lafiya lau a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku. A kan faifan da masanin kimiyya Alexander Fleming ke renon irin wannan ƙwaya ne ya lura da antibiyotik ɗin fenisilin a 1928. Da ya karɓi kyautar Nobel a 1945, shi da bakinsa ya yi gargaɗi cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyi jurewa. Kafin a je ko'ina, ƙwayar ta cika asibitoci tana fitar da sinadarin da ke farfasa fenisilin. Aka kawo wani antibiyotik, metisilin, wajen 1960 don a yi maganinta. A 1961 aka samu wadda ta gagare shi a Ingila. Ita ce MRSA, kuma har gobe tana nan.

Asibiti kuwa nan ne gonarta: ga antibiyotik dare da rana, ga marasa ƙarfin garkuwa, ga robar fitsari da allurar ƙarin ruwa da na'urar numfashi sun buɗe mata ƙofa, ga hannun da ya tashi daga wannan gado zuwa wancan ba a wanke ba. Ni a ganina hannun nan ya fi cancantar a yi shiri a kansa.

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 da wannan matsala ta kashe kai tsaye a 2019, fiye da zazzaɓin cizon sauro. Kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaushe jikinsu ya samu lokacin sabawa?